Karkacewar kaktus a tukunya

Karkacewar kaktus matsala ce da ke samun wannan tsiro mai ƙaya, ɗan asalin nahiyar Amurka, idan aka dasa shi a tukunya. Galibi ƙarancin haske ke jawo ta: yakan rusuna wajen taga, sabon tohonsa ya fito siriri. Juya tukunyar duk mako yana rage hakan, sai dai inda ya sirance ba ya sake kauri.

Mafi haɗari shi ne ruɓewar saiwa saboda yawan ban ruwa, inda gindin ke yin laushi da baƙi. A nan tokara shi da sanda ba ta magani. Akan yanke saman da bai ruɓe ba da wuƙa mai tsabta, a bar yankan ya bushe mako 1 zuwa 2, sannan a dasa shi a busasshiyar ƙasa mai yashi, cikin tukunya mai huji a ƙasa.