Ma'adanar Bayanan Kasuwanci: Kula Da Ita Da Fitar Da Rahoto

Ma'adanar bayanai tsararren wuri ne, a kwamfuta ko a babban littafi, inda ɗan kasuwa ko ƙungiya ke ajiye sunayen abokan hulɗa, kayan da suka shigo, waɗanda suka fita, da basussuka, ta yadda za a ciro abin da ake nema cikin ɗan lokaci. An shirya wannan bayani ne domin ƙungiyoyin manoma, dillalan hatsi da taki, da ma'aikatan ƙananan hukumomi a Sanyinna da sauran garuruwan Tambuwal da Kebbe.

A shekarar 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara raba taki mai rahusa ta hanyar saƙon wayar salula, sannan shirin rancen manoma da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba na 2015 ya zo da sharaɗin lambar BVN. Tun daga nan rajista ta zama ƙofar samun tallafi. Manomin da aka rubuta lambar wayarsa da kuskure yana iya rasa rabonsa har damina ta wuce.

Babbar matsala a yankin nan ita ce sunaye. A ƙauye guda ana iya samun mutum biyar masu suna iri ɗaya, kuma mutum ɗaya yana iya zama Abubakar a banki, Garba a kasuwa, Buba a gida. Saboda haka wajibi ne a ba kowane mutum lamba tasa shi kaɗai, wadda ba za a sake ba wani ba ko da ya rasu ko ya bar ƙungiya. A rubuta suna kamar yadda yake a takardar NIN, laƙabi kuma a ba shi gurbi dabam. Haka ƙauye, gunduma da lambar waya, kowanne da gurbinsa. Wanda ya cusa su duka a gurbi ɗaya ba zai iya ware mutanen gunduma guda ba ranar da aka nema.

Ma'auni ma yana jawo rigima. Buhu ya fi buhu, kwanon wannan kasuwa kuma ba lalle ya yi daidai da na waccan ba. A tsayar da ma'auni ɗaya tun farko, a kuma bambanta shinkafar da aka casa da wadda ba a casa ba. Kwanan wata a riƙa rubuta shi da tsari ɗaya: rana, wata, shekara.

Jadawali uku sun wadatar: na mutane, na kaya, da na ciniki da bashi. Lambar mutum ce ke haɗa su. Manhajar Excel ta ishi ƙaramar ƙungiya. Idan aiki ya yi yawa, Access ta fi dacewa. Sai dai a sani, kwamfuta ba ta gyara abin da aka shigar mata ba daidai ba, tara shi kawai take yi.

Shi rahoto amsar tambaya ne, don haka a fara da tambayar. Buhu nawa ya rage a sito ƙarshen wata? Su wane ne ake bi bashi, kuma na wa ya fi daɗewa? Nawa aka sayar tsakanin kaka da bazara? A tace bayanan, a jera su, a tara jimla. Kowane rahoto ya ɗauki tsawon lokacin da ya ƙunsa, ranar da aka fitar da shi da sunan wanda ya shirya. Kafin shugaba ya sa hannu, a je sito a ƙirga kayan da ido. In an ga saɓani, a koma ma'adanar a gyara shi a can. Gyaran biro a kan takardar rahoto yakan sa kuskuren ya dawo wata mai zuwa.

Duk mako a kwafe bayanan a filas, a ajiye shi a wani gida dabam, a kuma buga su a takarda duk bayan wata uku, saboda ɗaukewar wuta, gobara ko sata. Takardun a nisanta su daga gara da yoyon rufi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su, don haka ba a miƙa jerin lambobin BVN ko NIN ga duk wanda ya zo da alkawarin tallafi. Idan aka sauya sakatare, a karɓi kwamfuta, filas da littattafai a rubuce gaban shaidu, a kuma canza kalmar sirri a ranar.