Takardar Ɗan Ƙasa a Bakin Iyakar Ƙonni

Wata rana da hantsi wani ɗalibina ya same ni riƙe da jakar leda cike da takardu. Ɗan wani ƙauye ne a karkarar Alela, cikin yankin Birnin Ƙonni, inda mutum kan kwana a Nijar ya ci kasuwa a Najeriya, ya dawo gida kafin la'asar. Yana son shiga jarrabawar neman aiki, an ce sai ya kawo takardar zama ɗan ƙasa, wadda muke kira nasiyonalite. Tasa takardar haihuwa tana nan. Ta mahaifinsa ce babu, kuma ba ɓata ta yi ba, ba a taɓa yin ta ba.

Ya ce, "Malam, Baba ya ce shi dai abin da ya sani, an haife shi damina biyu kafin sojoji su kifar da Diori. Ni kuma an ce mini wannan ba hujja ba ce."

Na san gidansu. Kaburburan kakanninsa suna bayan garin. Amma ga shi ana neman ya tabbatar cewa shi ɗan nan ne. Tun daga ranar nake komawa kan tambayar da ta fi kowace damuna a darasin tarihi: yaushe aka fara auna mutumin Ƙonni da takarda, kuma wa ya kawo mudun?

Kafin Turawa, abin da ke ɗaure mutum da ƙasa shi ne caffa da zama da dangi. Ka yi wa sarki mubaya'a, ka biya abin da ake biya, ka samu gona da kariya. In zaluncinsa ya ishe ka, ka ɗaure kayanka ka koma ƙarƙashin wani. Baƙo kan sauka a gidan fatoma ko a zango, in ya daɗe ya yi aure, jikokinsa sun zama 'yan gari. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi, cikin ƙasar da yau take yankin Malbaza. Ya tashi a Degel, kabarinsa yana Sakkwato. Babu wanda ya tambaye shi takarda a hanya. A arewa kuma, sarautar Adar da ke Illela ta samo tushe daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, a ƙarshen ƙarni na 17. Wato tun fil azal wannan yanki mahaɗa ce, wasu igiyoyinsa na ja zuwa Agadas, wasu zuwa Gobir, wasu zuwa Sakkwato. Ba na ƙawata wancan zamani. 'Yancin tashi na ɗa ne, bawa ba shi da shi, kuma zan dawo kan wannan.

Layin iyaka a birnin Paris aka ja shi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 14 ga Yuni 1898 ta sa tsinin alƙalami a kan Sakkwato, ta zana da'ira mai nisan mil 100, ta ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Ƙonni ta faɗa ciki. Mutanen garin ba su san an yi ba. Shekara guda ba ta cika ba sai ga rundunar Voulet da Chanoine. Bayan ta yaƙi Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilun 1899, ta iso Birnin Ƙonni a watan Mayu, ta ƙone garin, ta karkashe mutane masu ɗimbin yawa. A kan takarda garin na Ingila ne, waɗanda suka ƙone shi sojojin Faransa ne, kuma babu ɗaya cikin ƙasashen biyu da ta ɗauki mamatan a matsayin nata. Duk lokacin da na koyar da wannan shekara nakan tsaya a nan, don ɗalibai su ga cewa haɗuwar farko tsakanin mutanenmu da dokar ƙasa ta Turawa a cikin hayaƙi aka yi ta.

Da'irar ba ta yi wa Faransa daɗi ba, domin ta tura hanyarta ta zuwa Damagaram can arewa inda babu rijiyoyi. Sai aka sake zama a 1904, aka kuma a 1906, Ingila ta saki Ƙonni da wasu garuruwa. Tsakanin 1906 da 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa suna kafa alamun iyaka, guda 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin Chadi. Cikin shekara goma Ƙonni ta zama ta Ingila, ta koma ta Faransa, saboda ruwan shan ayarin soja. Ga Illela biyu yau, ɗaya a jihar Tawa, ɗaya a jihar Sakkwato 'yan kilomita kaɗan daga Ƙonni. Tsofaffi har kwanan nan sukan ce wane ya tafi Ingilishi, wane yana Faranshi.

To a Faranshi ɗin, mutanenmu mene ne su? Doka ta raba mutane gida biyu. Akwai 'yan ƙasa, akwai talakawan mulki. 'Yan ƙasa su ne Faransawa da haifaffun garuruwa huɗu na Senegal, wato Dakar, Gore, Rufisk da Sanluwi. Kowa da kowa bayan su talakan mulki ne, yana ƙarƙashin tsarin da ake kira andijena. Kumandan yana iya ɗaure mutum ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba. Ga lanho, ga aikin dole na gyaran hanya da ginin bariki da ɗaukar kaya. An buɗe wata 'yar ƙofa a 1912 ga wanda ya iya Faransanci kuma ya yi wa gwamnati hidima shekaru, amma 'yan tsiraru ne ƙwarai suka shige ta. Manomin Ƙonni yana da makami guda, shi ne tsohon makamin kakanninsa: in abin ya yi tsanani ya tsallaka Ingilishi. Can ma ba ɗan ƙasa ba ne, mutumin da ke ƙarƙashin kariyar Ingila ake kiran ɗan Arewa, amma nauyin ya fi sauƙi, kuma dangi suna nan.

Shekarar 1946 ce ta karya wannan tsari. An soke andijena, dokar Houphouët-Boigny ta 11 ga Afrilu ta haramta aikin dole, dokar Lamine Guèye ta 7 ga Mayu ta ce duk mutanen ƙasashen da Faransa ke mallaka 'yan ƙasa ne. Ƙuri'a ga kowa sai 1956. Jamhuriya a 18 ga Disamba 1958, 'yancin kai a 3 ga Agusta 1960. Dattijon da aka haifa a Ƙonni a 1895 ya rayu talakan Sarkin Ƙonni, ya zama rabon Ingila, ya zama talakan Faransa, ya zama ɗan ƙasar Faransa, ya mutu ɗan Nijar, bai taɓa canja ɗakin kwana ba.

Nijar ta yi dokarta ta farko kan zama ɗan ƙasa a 12 ga Yuli 1961. Wadda ake aiki da ita yau ta zamanin Seyni Kountché ce, ta 23 ga Agusta 1984. Ginshiƙinta biyu ne, jini da ƙasa. Ɗan ɗan Nijar ɗan Nijar ne. Haka ma wanda aka haifa a Nijar, in mahaifinsa ko mahaifiyarsa a nan aka haife su. A ganina ƙa'ida ce mai adalci. Amma ta zo da giɓi biyu da suka fi cutar da mutanen bakin iyaka. Na farko, jinin uba ne ke da cikakken ƙarfi. Mace 'yar Galmi da ta auri ɗan Gwadabawa, ta haihu can, aure ya mutu ta dawo gida da 'ya'yanta, sai ta tarar doka na kallonsu baƙi a ɗakin kakarsu. Sai a 4 ga Yuni 1999, lokacin Daouda Malam Wanké, aka daidaita uwa da uba. Na biyu, wanda ya karɓi zama ɗan wata ƙasa da son ransa ya rasa ta Nijar. A yankin da kusan kowane gida yake da ɗa a Sakkwato ko Kano ko Legas, wannan ya mai da dubban mutane masu ɓoye takarda ɗaya in sun fito da ɗaya. Dokar 5 ga Nuwamba 2014 ta halatta riƙe ƙasa biyu, ta kuma ba mace damar ba mijinta baƙo ƙasarta. Shugaban da ya sa mata hannu, Issoufou Mahamadou, ɗan Dandaji ne a yankin Illela. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya yarda da jinin uwa ga 'ya'ya, amma har yau miji ne kawai ke iya shigar da matarsa baƙuwa, mace ba ta iya shigar da mijinta. A wannan gaɓa Nijar ta riga babbar maƙwabciyarta.

Na ce zan dawo kan bawa. A 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, a kan sefa 240,000, ta zama wahaya a gidan wani mutum a yankin Ƙonni. Shekara hamsin ke nan bayan dokar Lamine Guèye. Bisa doka ita cikakkiyar 'yar ƙasa ce, daidai da minista. Da ta samu kanta ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, CEDEAO, wadda ta yanke hukunci a 27 ga Oktoba 2008 cewa gwamnatin Nijar ta gaza kare ta, ta ba da umarnin a biya ta sefa miliyan 10. Ina sa ɗalibai su karanta wannan shari'a tare da dokar 1984, domin ɗaya na nuna abin da aka rubuta, ɗayar na nuna tsawon tafiyar da matalauciya za ta yi kafin rubutun ya amfane ta.

CEDEAO ɗin nan ita ce ta sassauta iyaka da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, kwana 90 ba biza. Duk da haka an sha rufe ƙofar. Janar Buhari ya rufe ta a 1984, ba a buɗe ba sai 1986, ta haɗu da fari, har mutane suka raɗa wa yunwar sunansa. An sake rufewa a Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Albasar Galmi ta ruɓe a buhu, masu jinya da 'yan makaranta suka koma bin hanyoyin gona a kan kabu-kabu. A 29 ga Janairu 2025 Nijar ta kammala fita daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Ana iya muhawara kan dalilan fitar, kuma wasu daga cikinsu ina jin nauyinsu. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙofar da Hadijatou ta ƙwanƙwasa ta fita daga hannun ta bayanta.

Mu masu karatun tarihi muna da alhaki a nan. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa a 1975, kuma kaso mai yawa na aikin daga bakin tsofaffi ya ɗauko shi, ya auna ruwayar wannan da ta wancan. Yau jami'ar Tawa sunansa take ɗauke da shi. Abin da ya koya mana shi ne baki hujja ne in an san yadda ake tantance shi. Amma yaron da zai shiga wannan jami'a, ko ya nemi tallafin karatu, ko ya tsallaka jami'ar Usmanu ɗan Fodiyo a Sakkwato, ba za a karɓi bakin kakarsa ba. Dokarmu ta ɗauka kowa an rubuta shi ranar da aka haife shi, alhali yawancin iyayenmu a ɗaki aka haife su, a hannun ungozoma, nesa da kowane ofis. Shi ya sa tsofaffin takardu ke cewa an haifi wane wajajen shekara kaza, sababbi kuma suka tara rabin gari a ranar 1 ga Janairu. Issoufou kansa 1 ga Janairu 1952 aka rubuta masa, Mohamed Bazoum 1 ga Janairu 1960. Kuma mun ga yadda a zaɓen 2020 'yan adawa suka ƙalubalanci takardar ɗan ƙasa ta Bazoum har gaban kotun tsarin mulki, kotun ta yi watsi da ƙarar. In mai neman shugabancin ƙasa zai sha wannan, ina ga manomin Alela wanda harshensa da tufafinsa da sunansa duk iri ɗaya ne da na ɗan'uwansa na ƙetare?

Wani abu kuma ya shigo da ke tayar mini da hankali. Dokar 27 ga Agusta 2024 ta ba gwamnati ikon janye wa mutum zama ɗan ƙasa na wucin gadi in ana zarginsa da ta'addanci ko cin amanar ƙasa, kuma a watan Oktoba na shekarar aka yi wa mutum tara haka. Na san tsaro ya taɓarɓare, mutanen karkarar Ƙonni sun fi kowa sani. Amma mai laifi kotu ce maganinsa. Najeriya ta gwada ɗayar hanyar a 1980, lokacin da ta ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, ta jefa shi Chadi da sunan ba ɗan ƙasa ba ne. Kotu ta dawo da shi. Abin da hukuma ta saba cirewa daga babba, wata rana ƙaramin ma'aikaci zai ga yana iya hana wa ƙarami, kuma na bakin iyaka ne zai fara ji a jikinsa.

Dokar rajistar haihuwa ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana jariri. Wanda ya wuce wa'adin sai hukuncin alƙali, kuma akan kai zaman kotu ƙauyuka lokaci zuwa lokaci don a rage cunkoso. Hanyar da ɗalibina ya bi ke nan. Ya koma gida bayan girbi, ya ɗauko mahaifinsa da dattawa biyu da suka san haihuwarsa, suka je gaban alƙali. Jarrabawar waccan shekara ta wuce shi, ya shiga ta gaba.

Da na je yi musu barka, tsohon ya fito da takardar daga cikin leda, ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce, "Malam, karanta mini abin da suka sa." Na karanta masa: an haife shi 1 ga Janairu 1972. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Inna ta ce gero na fitar da kai aka haife ni. Amma bar shi haka, tunda yaron zai samu shiga."