Gubar zaiba a jikin dabbobin tekun Faro

Gubar zaiba a jikin dabbobin tekun Faro matsala ce ta gurɓatar muhalli da ta shafi Globicephala melas, wata babbar dabbar teku mai shayarwa da ake farauta a tsibiran Faro. Tsibiran yanki ne mai cin gashin kansa ƙarƙashin masarautar Denmak, a arewacin tekun Atlantika.

Zaiba na fitowa ne daga ƙona kwal, haƙar zinare da hayaƙin masana'antu, iska ta kwashe ta zuwa teku. A cikin ruwa, ƙwayoyin halitta kan mayar da ita wani nau'i mai maƙalewa a tsoka. Ƙananan halittu su ci, manya su cinye su, har gubar ta taru a jikin wannan dabba mai tsawon rai. Ƙodarta kuma na tara ƙarfen kadmiyam.

Binciken da Philippe Grandjean da Pál Weihe suka gudanar kan yara fiye da 1,000 da aka haifa a tsibiran a 1986 da 1987 ya nuna cewa zaibar da ta isa jariri tun yana ciki, ta hanyar naman dabbar da uwarsa ta ci, tana rage masa ƙarfin tunawa, natsuwa da iya magana. A 2008, Weihe da babban likitan tsibiran suka ba da shawarar a daina cin naman dabbar. A 2011, hukumar abinci ta Faro ta ce kada babba ya ci fiye da sau ɗaya a wata, mai ciki kuwa ta guje shi.

Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ta fara aiki a 2017, na neman rage sakin zaiba a duniya.