Takardar Izinin Ɗaukar Bindiga a Tarihin Amurka

A shekarar 1813 majalisar jihar Kentaki ta ƙasar Amurka ta kafa doka, ta hana mutum yawo da makami a ɓoye, ko ƙaramar bindiga ce, ko wuƙa, ko takobin nan da ake sakawa cikin sanda. Matafiyi kaɗai aka ɗauke wa. Jihar Luwiziyana ma ta yi irin wannan doka a shekarar nan, daga baya Indiyana da Jojiya da Bajiniya da Alabama suka bi sahu. Dokokin ba su hana kowa mallakar bindiga ba. Mutum yana iya rataya tasa a kafaɗa ya shiga kasuwa, ba mai ce masa kome. Ɓoyewar ita ce laifi. A ganin mutanen zamanin, wanda makaminsa yake a fili ya riga ya yi wa abokin gabarsa gargaɗi, amma mai sa bindiga a ƙarƙashin riga maha'inci ne, yana jiran a shagala ne ya yi kisa. Kotun Luwiziyana ta faɗi kusan haka a 1850 sa'ad da ta tabbatar da dokar jiharta.

Ba kowa ya yarda ba. An kama wani mutumin Kentaki mai suna Bliss da takobi cikin sanda, aka ci shi tarar dala 100, ya ɗaukaka ƙara. A 1822 babbar kotun jihar ta ba shi gaskiya, ta soke dokar. Sai da aka shekara 28 kafin mutanen Kentaki su gyara tsarin mulkin jiharsu, a 1850, su ba majalisa ikon hana ɓoye makami. Gyara na biyu na tsarin mulkin ƙasa, wanda aka amince da shi a 1791, ya yi maganar 'yancin jama'a na riƙe makamai, amma a lokacin gwamnatin tarayya kaɗai ya ɗaure, saboda haka kowace jiha ta yi yadda ta ga dama.

Waɗannan dokoki na fari sun hau kan kowa da kowa. Takardar izini kuwa wani abu ne dabam, gama ita takan raba mutane kashi biyu, da wanda aka ba da wanda aka hana, kuma dole a sami wani mai hukunci da zai yi rabon. A kudancin Amurka baƙar fata aka ɗora wa ita tun da wuri. A 1806 jihar Bajiniya ta ce baƙin mutum ko da ɗa ne, ba bawa ba, ba zai riƙe bindiga ba sai da izinin kotu. Bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831, sai aka janye ko izinin ma. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1865 aka 'yanta bayi, jihar Misisipi ta yi hanzari ta kafa doka cewa 'yantacce ba zai ajiye bindiga ko harsashi ko babbar wuƙa ba, sai in soja ne ko kuwa hukumar gundumarsa ta ba shi takarda. Hukumar nan kuwa ta fararen fata ce, a zamanin da mahaya masu rufe fuska suka fara bin gidajen baƙaƙe da dare.

Gyara na 14, na shekarar 1868, ya sa ambaton launin fata cikin doka ya yi wuya. Sai aka sake dabara: a rubuta doka ba tare da sunan kowa ba, a bar wa jami'i ya ga wanda ya dace. Jihar Fulorida ta yi haka a 1893 game da bindigogi masu cin harsashi da yawa. Bayan shekara 48, a 1941, wani alƙalin kotun ƙolin jihar, Rivers Buford, ya rubuta a fili cewa ya san tarihin dokar, an yi ta ne domin a kwance wa leburori baƙaƙe ɗamara, ba a taɓa nufin ta hau kan farare ba. Ba kasafai alƙali yakan tona asirin doka haka ba.

Duk da haka kuskure ne a ce kowace dokar izini daga wannan saiwa ta tsiro. Wadda ta fi suna a birnin Niyok aka haife ta, jini ne kuma ya jawo ta. A watan Agusta 1910 wani ya harbi magajin garin, William Gaynor, a wuya. A Janairu 1911 aka harbe marubuci David Graham Phillips da rana tsaka a kan titi, wanda ya harbe shi kuma ya juya bindigar ya kashe kansa. Wani ma'aikacin ofishin binciken gawa, wanda ya gaji da ganin gawawwakin da ƙananan bindigogi suke kawo masa, ya yi ta rubuta wa manyan gari wasiƙu. Ɗan majalisa Timothy Sullivan ya ɗauki maganar, doka ta fara aiki ran 1 ga Satumba 1911, har yau da sunansa ake kiranta. Ta ce duk bindigar da za ta ɓuya a jiki, sai da izini za a ajiye ta ko a gida ne, ɗaukarta a titi ba takarda babban laifi ne, mai sayarwa kuma ya rubuta sunan duk wanda ya saya. A 1913 aka ƙara cewa mai neman izinin yawo da ita sai ya nuna dalili mai ƙarfi.

Sullivan ba waliyyi ba ne. Uban siyasar unguwannin talakawa ne, yana da 'yan daba a hannu, masu sukarsa kuma sun ce dokar ta ba shi hanyar sa a kama yaran abokan hamayya. Mutumin da aka fara ɗaurewa a kanta baƙo ne daga Italiya, ya sha shekara guda. Da tafiya ta yi tafiya, kotunan Niyok suka fassara dalili mai ƙarfi da cewa sai mutum ya nuna hatsarin da ya fi na sauran jama'a. Zama a unguwar da ɓarayi suka yi yawa bai isa ba. Attajirai da mashahurai sukan samu, mai ɗan kanti a lungu yakan sha wuya. A 2016 har aka gurfanar da waɗansu 'yan sandan sashen ba da izinin a kan cin hanci. Amma a farkon al'amari ko ƙungiyar masu bindiga ta ƙasar, wato NRA, ba ta ƙi tsarin ba. Shugabanta Karl Frederick ya gaya wa majalisar tarayya a 1934 cewa bai yarda kowa ya riƙa yawo da bindiga barkatai ba, a taƙaita abin, sai mai izini.

Labarin da ya fi nuna yadda tsarin yake aiki ya faru a Montgomery ta jihar Alabama. Tun 5 ga Disamba 1955 baƙaƙen garin suka ƙaurace wa shiga motocin bas saboda wariyar launin fata, shugabansu kuwa faston ikilisiyar Baftis ta titin Dexter ne, Martin Luther King, wanda ya cika shekara 27 a tsakiyar gwagwarmayar. Daren 30 ga Janairu 1956, yana wurin taro a majami'a, aka jefa bom a barandar gidansa. Matarsa Coretta da jaririyarsu 'yar mako goma suna ciki, Allah ya kiyaye su. Kafin ya iso jama'a sun cika ƙofar gidan, waɗansu da makamai a hannu. Ya tsaya a barandar da ta farfashe, ya roƙe su su mai da makamansu gida, kada su rama mugunta da mugunta. Suka watse.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, bayan wannan dare King ya je ofishin shugaban 'yan sandan gunduma ya nemi izinin ɗaukar ƙaramar bindiga a motarsa. Dokar Alabama ta ce ana iya ba mutumin da yake da dalilin jin tsoron a cuce shi, in hukuma ta ga ya cancanta. Da wuya a sami wanda ya fi shi dalili a jihar duka a wannan mako. Aka hana shi.

Gidansa dai bai rasa bindigogi ba, gama 'yan ikilisiya suna gadi dare da rana. Wani fasto farar fata, Glenn Smiley, da ya ziyarce shi ya kwatanta gidan da rumbun makamai, wani ɗan jarida kuma saura kaɗan ya zauna a kan bindigar da aka bari a kujera. Bayard Rustin, wanda ya daɗe yana nazarin hanyar Gandi, ya zo garin a Fabrairu ya yi ta magana da shi: yaya mai koya wa jama'a kada su rama zai kwana da bindiga a gefen gado? King ya yi shawara da matarsa, suka fid da bindigar da ke gidan. Hukuma ta hana shi takarda don ta raina ransa, shi kuwa ya bar makamin ne saboda abin da ya gaskata, abu biyu ne da bai kamata a gama su ba. Ba dukan masu bi ne suka bi hanyarsa ba. A Luwiziyana, a 1964, waɗansu baƙaƙe, da yawansu tsofaffin sojoji ne masu zuwa majami'a, suka kafa ƙungiya mai makamai suka sa mata sunan dikinoni, suna tsare masu fafutuka da dare.

A Kalifoniya labarin ya zo ta wata fuska. Matasan ƙungiyar Black Panther suna bin 'yan sanda a Oakland da bindigogi a fili, abin da doka ba ta hana ba. Ran 2 ga Mayu 1967 wajen su 30 suka shiga ginin majalisar jihar da makamansu. Kafin Yuli ya ƙare gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar hana yawo da bindiga mai harsashi a cikin gari.

Iska ta juya a 1987, a Fulorida kuwa. Sabuwar dokarta ta ƙwace zaɓi daga hannun jami'i: duk wanda ya cika sharuɗɗan shekaru, da zanen yatsa, da horo, ba shi kuma da tarihin babban laifi, tilas a ba shi. Jiha bayan jiha suka kwaikwaya. A Tekzas kisan mutum 23 a wani gidan abinci a garin Killeen, ran 16 ga Oktoba 1991, shi ya ingiza abin. Suzanna Hupp, wadda aka kashe mahaifanta biyu a wurin, ta shaida cewa ta bar bindigarta a mota don bin doka. Gwamna George Bush ƙarami ya sa hannu a dokar izini a 1995, ita kuma daga baya ta shiga majalisar jihar. Daga nan waɗansu suka ce takardar ma me ya kawo ta? Jihar Vermont ba ta taɓa neman ta ba. Alaska ta daina a 2003, Arizona a 2010, zuwa 2024 jihohi 29 cikin 50 ba sa tilasta ta. Alabama tana cikinsu tun farkon 2023, ko da yake shugabannin 'yan sandan gundumominta sun yi ta ƙorafi. Ɓoyewar da aka ƙi a 1813 ita ta zama hanyar da mai mutunci yake bi, mai rataya bindiga a fili shi ake kallo da ido biyu.

Ko wannan ya ƙara zaman lafiya? John Lott ya wallafa littafi a 1998 yana cewa laifi ya ragu. Wani babban kwamitin masana na ƙasar ya duba hujjojin a 2004, ya ce ba su isa a yanke hukunci ba. John Donohue da abokan aikinsa kuwa a 2019 suka ƙiyasta cewa laifuffukan ta'adi sukan ƙaru da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari bayan shekara goma da sassauta doka. Takardar ma ba laya ba ce. Ran 6 ga Yuli 2016 ɗan sanda ya tsai da motar Philando Castile, baƙar fata, a jihar Minesota. Yana da izini, ya kuma faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa akwai bindiga a jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi har lahira, kotu kuma ta sallami ɗan sandan a 2017.

Dokar Sullivan ta kai gaban Kotun Ƙoli, ran 23 ga Yuni 2022 alƙalai shida cikin tara suka soke sharaɗin dalili mai ƙarfi. Clarence Thomas, baƙar fata daga Jojiya, shi ya rubuta hukuncin. Cikin masu goyon bayan sokewar har da lauyoyin da ke kare talakawan Niyok kyauta, waɗanda suka ce kusan duk waɗanda suke karewa a shari'ar bindiga marar takarda baƙaƙe ne da 'yan asalin Latin Amurka. Alƙali Stephen Breyer, da bai yarda ba, ya tuna wa kotun cewa bindiga ta ci ran mutum 45,222 a ƙasar a 2020. Hukuncin bai soke takardar izini ba, jiha tana iya neman horo da bincike, abin da ba ta iyawa shi ne ta ce wa mutum dalilinsa bai gamsar da ita ba.

Niyok ta amsa cikin kwanaki kaɗan da sabuwar doka: awa 16 na karatu, awa 2 na gwajin harbi, da jerin wuraren da ko mai takarda ba zai shiga da bindiga ba, har da wuraren sujada. Nan magana ta faɗo kan ikilisiya. Ba a manta da mutum tara da aka kashe suna nazarin Littafi Mai Tsarki a wata majami'ar baƙaƙe a Charleston a 2015 ba, ga kuma mutum goma da aka harbe a wani kanti a Buffalo a Mayu 2022. Fastoci biyu na Baftis daga yankin Buffalo suka kai ƙara, suka ce an hana su tsare garkensu, alƙalin tarayya ya dakatar da wannan sashe. A 2023 majalisar jihar ta gyara shi, ta ɗauke hanin daga kan waɗanda aka danƙa wa tsaron wurin sujada.