Yahudawan Tuwat da Shehu Magili

Tuwat jerin dausayoyi ne a tsakiyar Sahara, a yankin Adrar na ƙasar Aljeriya ta yau. A babban garinsu, Tamantit, wata al'ummar Yahudawa ta yi ƙarnoni tana zaune, tana fatauci da ƙirar zinariya da azurfa, har zuwa ƙarshen ƙarni na 15, lokacin da aka rushe majami'arta, aka kashe wasu, sauran suka watse. Wanda ya ja gaba a wannan al'amari shi ne Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, wato Shehu Magilin da Kano da Katsina suke ambata da girmamawa, wanda ya rubuta wa Sarki Muhammadu Rumfa littafin tsarin mulki. Ta wannan hanya ce labarin Yahudawan Tuwat ya shigo tarihin ƙasar Hausa.

Zangon fatake

Ba a ruwan sama a Tuwat sai jefi-jefi. Mutanenta suna rayuwa ne da ruwan da suke jawowa ta magudanan da suka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, suna ba gonakin dabino. Arzikin wurin kuwa yana kan hanya. Ayarin da ya taso daga Tilimsan ko Sijilmasa ya nufi Tumbuktu, ko Gawo, ko Azbin da ƙasar Hausa, a nan yake yada zango, ya huta, ya sake raƙuma da jagora. Ibn Battuta ya bi ta wurin a 1353, yana komawa gida daga Takadda. Ya sauka a garin Buda, ya ce abincin mutanen dabino ne da fara, kuma suna adana farar kamar yadda suke adana dabinon. Shi ne kuma ya ba da labarin cewa tagullar Takadda tana zuwa har Gobir. Ke nan tun a ƙarni na 14 hanya ɗaya ta haɗa Tuwat da bakin ƙasar Hausa.

Shaidar zaman Yahudawa a wurin ta haɗa da wani dutsen kabari mai rubutun Ibrananci da aka gano a yankin, mai ɗauke da shekarar da ta yi daidai da 1329. Sai kuma wasiƙar wani bafatake mutumin Janowa ta Italiya, Antonio Malfante, wanda ya rubuto daga Tuwat a 1447. Ya tarar da Yahudawa da yawa suna zaune lafiya, kowane gida yana ƙarƙashin kariyar wani babba daga cikin shugabannin gari, yawancin ciniki kuma ta hannunsu yake bi, an kuma yarda da amanarsu.

Suna da 'yan'uwa a Tilimsan, da Fas, da tsibirin Mayorka, abin da ya sa labarin ƙasashen baƙar fata yake isa Turai ta bakinsu. Taswirar nan ta 1375 da ake jingina wa Abraham Cresques, Bayahuden Mayorka, tana nan a babban ɗakin karatu na Faransa a Paris. A can ƙasan Sahara mai zanen ya zaunar da Mansa Musa na Mali bisa karaga, da kambin zinariya a kai, da sanda a hannu ɗaya, da dunƙulen zinariya a ɗayan, ga kuma wani mai rawani da amawali a kan raƙumi ya nufo shi. Wanda ya zana wannan bai taɓa taka Mali ba. Daga fatake ya ji.

Gardamar majami'a

An haifi Magili a Tilimsan, ya yi karatu a wurin manyan malaman Magrib, cikinsu har da Abdurrahman al-Sa'alibi na birnin Aljiyas, sannan ya koma Tamantit da zama. Abin da ya gani a can bai yi masa daɗi ba. A fikihun Malikiyya, Yahudu da Nasara da ke zaune a ƙasar Musulmi masu amana ne: suna biyan jiziya, su kuma a tsare musu rai da dukiya da addininsu, bisa wasu sharuɗɗa. Magili ya ce Yahudawan Tuwat sun warware wannan amana, domin sun shige jikin masu mulki, sun sami ɗaukakar da sharuɗɗan ba su ba su ba, kuma abin da suke bayarwa ba jiziya ba ce yadda shari'a ta tsara. Ya ƙara da cewa garin Musulmi ne suka kafa shi, don haka bai halatta majami'a ta tsaya a cikinsa ba. Ya rubuta risala a kan haka, wadda aka buga a Aljiyas a 1968 da sunan Misbahul Arwah.

Alƙalin Tuwat, Abdullahi al-Asnuni, bai yarda ba. Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Alƙalin ya rubuta wa malaman Tilimsan da Fas yana neman fatawa. Ya bayyana cewa majami'ar ta daɗe, iyaye da kakanni sun tarar da ita, malaman da suka gabata sun gan ta ba su taɓa ta ba, tana kuma tsakiyar gidajen Yahudawan ne, kuma mutanen suna biyan abin da aka saba karɓa a hannunsu. Muftin Tilimsan, Ahmad ibn Zakri, ya goyi bayan a bar ta, yana ganin rushe ta zalunci ne ga mutanen da aka ba amana. Wasu malaman suka bi wannan ra'ayi. A ɗaya gefen, Muhammad al-Tanasi, shi ma na Tilimsan, ya rubuta doguwar amsa da ta ba Magili gaskiya, Imam Sanusi kuma ya yaba wa amsar. Wannan Sanusin shi ne mai Ummul Barahina, littafin tauhidin da har yau ake karantawa a zaurukan malamanmu. Tun da ya rasu a 1490, musayar wasiƙun ta auku ne kafin wannan shekara.

Da amsar Tanasi ta iso, Magili bai jira hukuncin alƙali ba. Ya tara mabiyansa suka rushe majami'ar. Marubutan tarihinsa sun ruwaito cewa ya sa ladan miskali bakwai na zinariya ga duk wanda ya kashe Bayahude. Waɗanda suka tsira suka bazu, wasu zuwa garuruwan arewa da kudancin Maroko, wasu suka musulunta suka zauna. Har yau akwai iyalan Yahudawan Arewacin Afirka masu sunan Touati, wato Batuwate.

Zamanin ma yana da nasa hannu. Musulmin Magrib suna cikin ɗimuwa: Fotugal ta kama Sabta tun 1415 tana ta cin garuruwan gaɓar teku, Garnada kuma tana gab da faɗuwa, ta kuwa faɗi a 1492, shekarar da Sifaniya ta kori Yahudawanta su ma. A irin wannan hali maganar mai zafi ta fi ta mai sanyi samun kunne. Amma wannan bayani ne na dalili, ba wanke laifi ba. Mutanen da aka kashe a Tamantit ba su da hannu a abin da ya faru a Andalus, kuma akwai alƙali da mufti da suka ce a bar majami'arsu, da hujjar shari'a, tun kafin a ɗaga gatari.

Katsina, Kano da Gawo

Bayan wannan Magili ya yi kudu. Ya bi ta Azbin, ya koyar a Takadda, ya zo Katsina da Kano. A Katsina ana danganta shi da masallacin Gobarau da karatun da aka yi a cikinsa. A Kano ya sami Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya rubuta masa Tajuddin, ƙaramin littafi mai babi takwas a kan abin da ya wajaba ga sarki, inda ya yi ta nanata haɗarin sarki ya ɓoye kansa daga talakawansa. Sharifan Kano suna ƙirga asalinsu daga gare shi, ta kan Sidi Fari. Littafin Tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa, da Fulani, da Barebari, da Larabawa, amma bai ambaci Yahudawa ba.

Duk da haka tambayar Tamantit ta biyo shi har nan, sai dai da wata fuska: yaya sarki Musulmi zai zauna da talakawansa da ba Musulmi ba? A wata wasiƙa da ya rubuta wa Rumfa a shekara ta 897 ta Hijira, wajen 1492, ya neme shi da ya hana su bayyanar da abin da shari'a ta haramta, kamar shan giya, a kasuwanni da sauran wuraren da suke cuɗanya da Musulmi. Mutanen da ake nufi su ne kakannin Maguzawa. Mai karatu a Matazu, ko Musawa, ko Malumfashi, ko Kafur ba ya bukatar a yi masa bayaninsu, domin gidajensu da gonakinsu suna maƙwabtaka da nasa, jikokinsu kuma yau wasu Musulmi ne wasu Kirista. Malaman ƙasar Hausa sun ba su hukuncin waɗanda ake karɓar jiziya a hannunsu, suka ci gaba da noma a ƙarƙashin sarakunan Musulmi, kafin jihadin 1804 da bayansa. Murray Last, wanda ya rubuta tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen 1970, ya tarar da su da al'adunsu. Idan aka duba da kyau, abin da ƙasar Hausa ta yi a aikace ya fi kusa da ra'ayin alƙali Asnuni, ko da yake sunan Magili ta riƙe.

Daga Kano Magili ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya karɓi mulkin Songai a 1493, ya amsa masa tambayoyinsa a kan mulki da aƙida. Waɗannan amsoshi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi ta kafa hujja da su bayan shekara ɗari uku, musamman a Sirajul Ikhwan. Magili yana Gawo labari ya zo masa cewa an kashe ɗansa a Tuwat, aka kuma ɗora laifin a kan Yahudawa. Ya sa Askiya ya kama mutanen Tuwat da ke garin. Sai Malam Mahmudu ɗan Umar Aƙit na Tumbuktu ya ce waɗannan ba su yi komai ba, aka sake su. Magili ya koma Tuwat, ya rasu wajen 1504, kabarinsa yana Zawiyar Kunta. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suke kira Leo Africanus, ya zo Tumbuktu ba da daɗewa ba, ya rubuta cewa sarkin ƙasar ba ya barin Bayahude ya zauna a birnin.

Sai a wajen 1860 aka sake ganin 'yar ƙaramar al'ummar Yahudawa a Tumbuktu, lokacin da wani malaminsu, Mordekai Abi Serur, mutumin Akka ta kudancin Maroko, ya zo fatauci da danginsa. Ba su daɗe ba. A Kano kuwa, a zamanin Turawa, Saul Raccah, Bayahude daga Tarabulus, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu sayen gyaɗa, har ya yi gogayya da kamfanonin Ingila a shekarun 1930. Sunan gidansa ne ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Raccah Rovers ta ɗauka, wadda ta ci gasar lig ta Nijeriya a 1978.

Littattafan da suka adana labarin

Yahudawan Tamantit ba su ne suka ba da labarin kansu ba. Kusan duk abin da ake karantawa a kansu ya fito ne daga alƙaluman malaman Musulmi. Ahmad al-Wansharisi, wanda ya rasu a Fas a 1508, ya tattara fatawoyin malaman Magrib da Andalus a babban kundinsa al-Mi'iyar al-Mu'urib, ya kuma shigar da wasiƙar Asnuni da amsoshin da aka ba shi, na masu cewa a rushe da na masu cewa a bari. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda aka kai Marrakesh bayan Maroko ta ci Songai a 1591, ya rubuta tarihin rayuwar Magili a Nailul Ibtihaj, kuma a nan ne aka sami labarin kamun Tuwatawa a Gawo da sakinsu.

A zamanin boko, T. H. Baldwin ya fassara Tajuddin zuwa Ingilishi, aka buga a Beirut a 1932. Amma wanda ya zauna ya yi wa batun Yahudawan bincike mai zurfi tun da wuri ɗan ƙasar Hausa ne: Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Babban Alƙalin Alƙalai na Jihar Kano. Kundin digirinsa na uku, da ya gabatar a Jami'ar Landan a 1972, yana kan rayuwar Magili da koyarwarsa ne, tare da mai da hankali ga al'ummar Yahudawan Sahara. Abin a yaba ne a ce Bakano, wanda ya tashi yana jin sunan Magili cikin girmamawa, shi ne ya zaɓi ya buɗe wannan babi.

John Hunwick, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan kafin ya koma Amurka, ya buga amsoshin Magili ga Askiya da fassararsu a 1985, sannan a 2006 ya fitar da Jews of a Saharan Oasis, ɗan littafi da ya fassara yawancin takardun gardamar. Da Faransanci akwai littafin Jacob Oliel na 1994 a kan Yahudawan Tuwat, da na Ismael Diadié Haidara, mutumin Tumbuktu, wanda aka buga a Bamako a 1999, ya bi sawun iyalan da suke da asalin Yahudawa a bakin Kwara ta tsofaffin takardun ciniki.

Waɗannan duka da Ingilishi ne ko Faransanci, kuma samunsu a Katsina ko Funtuwa sai an sha wuya. Na Larabcin ya fi kusa da hannu. An buga al-Mi'iyar bugun dutse a Fas a ƙarshen ƙarni na 19, aka sake buga shi a 1981 cikin juzu'i 13, kuma malaman fikihun Malikiyya na ƙasar nan sun san shi. Gardamar majami'ar Tuwat tana cikin juzu'i na biyu, tun daga tambayar alƙali Asnuni har zuwa amsoshin Ibn Zakri da Tanasi.