Sassaucin da Aka Gina Kundin Tsarin Mulkin 1979 a Kansa

Kundin tsarin mulkin da Najeriya ta koma mulkin farar hula da shi a ranar 1 ga Oktoba, 1979 ya fito ne daga shekaru uku na ja-in-ja tsakanin lauyoyi, malaman jami'a, tsofaffin 'yan siyasa da hafsoshin soja, kuma kusan kowane sashe mai nauyi a cikinsa yana ɗauke da alamar abin da wani ɓangare ya nema bai samu duka ba. Janar Murtala Muhammad, wanda ya hau mulki a watan Yuli na 1975, shi ne ya ƙaddamar da kwamitin rubuta daftarin a ranar 18 ga Oktoba na wannan shekara, ƙarƙashin jagorancin fitaccen lauya Cif Rotimi Williams. Mutum 50 aka zaɓo, amma Cif Obafemi Awolowo ya ƙi karɓar gayyatar, don haka mutum 49 suka yi aikin, suka miƙa rahotonsu a watan Satumba na 1976 ga Janar Olusegun Obasanjo, wanda ya gaji Murtala bayan kisan da aka yi masa a ranar 13 ga Fabrairu na wannan shekara.

Abin da ya fi damun waɗanda suka zauna wannan zama shi ne yadda jamhuriya ta farko ta rushe, domin yawancinsu sun ga rikicin zaɓen 1964 da idonsu, lokacin da Shugaba Nnamdi Azikiwe ya yi ta jan ƙafa kafin ya gayyaci Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sake kafa gwamnati, sun kuma ga juyin mulkin 1966 da yaƙin basasar da ya ci ƙasar daga 1967 zuwa 1970. Saboda haka ba a sha wahala sosai ba wajen amincewa da barin tsarin firaminista irin na Ingila, inda iko ya rabu tsakanin shugaban ƙasa na jeka-na-yi-ka da shugaban gwamnati, a koma tsarin shugaba mai cikakken iko irin na Amurka, wanda Majalisar Ƙoli ta Soja ma ta riga ta nuna cewa shi take so. Wahalar ta taso ne wajen tambayar da ta biyo baya: idan za a tara iko mai yawa haka a hannun mutum ɗaya, ta yaya za a hana yanki ɗaya ko ƙabila ɗaya ta mallake kujerar da yawan jama'arta kawai?

Amsa ta farko ita ce ƙa'idar raba-daidai, wato sharaɗin da sashe na 14 ya gindaya cewa a rarraba muƙaman gwamnatin tarayya da hukumominta ta yadda mutanen 'yan jihohi ko ƙabilu kaɗan ba za su mamaye su ba, sannan aka ƙara da cewa dole shugaban ƙasa ya naɗa aƙalla minista ɗaya daga kowace jiha. Wannan ya sanyaya zuciyar jihohin Arewa da ke tsoron a bar su a baya saboda ƙarancin masu ilimin boko, da ƙananan ƙabilu a kowane yanki, amma waɗanda ke ganin cancanta kaɗai ya kamata a duba sun haɗiye shi ne da ɗaci. Amsa ta biyu ta shafi zaɓe: bai isa ɗan takara ya fi kowa yawan ƙuri'a ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un da aka kaɗa a cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasar, haka kuma ba za a yi wa jam'iyya rajista ba sai shugabancinta ya haɗa mutanen sassa daban-daban.

A kan tattalin arziki kuwa, an yi sassaucin ne ta wata hanya dabam. Wasu 'yan kwamitin sun so kundin ya ɗora ƙasar a kan tafarkin gurguzu, wasu sun tsaya a kan tattalin arziki na haɗin gambiza inda gwamnati da 'yan kasuwa ke tafiya tare. Abin da aka yi shi ne aka rubuta babi na biyu, wanda ya jero manufofin gwamnati kamar ilimi kyauta idan hali ya yi, da kula da lafiya, da hana dukiya taruwa a hannun tsiraru, sannan a sashe na 6 aka hana kotu sauraron ƙarar wanda zai ce gwamnati ta saɓa wa waɗannan manufofi. Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello da Dakta Segun Osoba na jami'ar Ife sun ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daftarin dabam, kuma hujjarsu tana da ƙarfi har yau, domin haƙƙin da talaka ba zai iya kai ƙara a kansa ba alkawari ne da ya dogara kacokan a kan ganin damar mai mulki.

Duk waɗannan ba su girgiza ƙasar ba kamar yadda batun Shari'a ya yi a majalisar tsara kundin, wadda ta fara zama a Legas a watan Oktoba na 1977 ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, da wakilai kimanin 230, yawancinsu kansilolin ƙananan hukumomi ne suka zaɓo su, sauran kuma gwamnati ta naɗa. Ba za a fahimci wannan taƙaddama ba sai an waiwayi sassaucin da ya gabace ta. Gab da samun 'yancin kai, gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a a 1958, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, kuma a kan shawararsu ne Jihar Arewa ta karɓi kundin hukunta laifuka wanda ya fara aiki a 1960, aka janye hukuncin laifuka daga hannun fiƙihun Malikiyya kai tsaye. Abin da Musulmi suka samu a madadin haka shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai, muƙamin da Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ya riƙe daga 1962, kuma hukuncinta a kan aure, gado, wasiyya da waƙafi kusan shi ne na ƙarshe ga Arewa baki ɗaya. Da aka rarraba Arewa zuwa jihohi shida a 1967, sannan goma a 1976, sai tambaya ta taso game da inda ƙara za ta nufa bayan kotun jiha, da kuma wanda zai daidaita hukunce-hukuncen idan Kano da Barno suka saɓa a kan mas'ala ɗaya.

Kwamitin Williams ya ba da shawarar a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Tarayya don cike wannan giɓi. A wajen masu goyon baya, wannan mayar da abin da Arewa take da shi ne tun 1960, kuma kotun ba za ta taɓa kowa ba sai Musulmi a harkokin iyalinsu. Suna ƙarawa da cewa dokar Ingila da sauran kotuna ke bi tana da tushe a al'adar Kirista, amma ba wanda ya kira hakan nuna bambanci. A wajen masu adawa, musamman wakilan tsakiyar Najeriya waɗanda iyayensu suka rayu ƙarƙashin kotunan alƙalai na masarautu ba tare da son ransu ba, kotun tarayya ta addini ɗaya, wadda za a biya da kuɗin kowa, tana nufin ƙasa ɗaya mai tsarin shari'a biyu da fifita wani addini a matakin ƙoli. Kowane ɓangare yana magana ne daga abin da ya ɗanɗana a tarihi, kuma wannan ne ya sa muhawarar ta yi zafi fiye da girman abin da ke kan takarda.

Wani ƙaramin kwamiti ƙarƙashin Cif Simeon Adebo ne ya kawo mafita: a bar maganar kotu mai zaman kanta, amma duk ƙarar da ta taso daga kotun Shari'a ta jiha, alƙalai uku masana shari'ar Musulunci daga cikin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya su ne za su saurare ta. Da majalisar ta amince da wannan a watan Afrilu na 1978 ta hanyar da wakilai Musulmi da yawa suka ga an yi musu fin ƙarfi, sai sama da 80 daga cikinsu, har da Alhaji Shehu Shagari, suka fice daga zauren, suka ƙaurace wa zama. Sai da Janar Obasanjo ya sa baki da kansa, ya gargaɗi majalisar a kan haɗarin da take jefa ƙasar ciki, kafin suka dawo, ba tare da an sake buɗe batun ba.

Idan aka karanta abin da ya shiga kundin daga ƙarshe, za a ga an auna shi da sikeli mai kyau. Sashe na 240 ya ce za a kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga duk jihar da ta buƙace ta, wanda ke nufin ƙofar a buɗe take har ga jihohin Kudu masu yawan Musulmi, ba a kuma tilasta wa kowa ba. An tanadi makamanciyar kotu ta dokokin gargajiya a kan sharaɗi iri ɗaya. An wajabta cewa a cikin alƙalan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a samu aƙalla uku masana shari'ar Musulunci da aƙalla uku masana dokar gargajiya. Sashe na 10 kuma ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, ba tare da ya bayyana Najeriya a matsayin ƙasar da ba ruwanta da addini ba, abin da ya bar kowane ɓangare da damar fassara sashen yadda ya dace da shi. Ta fuskar abin da ya ƙunsa, wannan sulhu ya fi adalci a kan yadda ɓangarorin biyu suka bayyana shi ga magoya bayansu a lokacin. Rauninsa yana wajen yadda aka rufe shi, domin muryar soja ce ta yanke gardamar a lokacin da ɗaya ɓangaren bai gamsu ba, sai aka kashe maciji ba a sare kansa ba. Shekara goma bayan haka, a 1988, batun ya sake taso wa majalisar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa, har gwamnatin ta janye shi daga cikin abubuwan da wakilai ke da ikon tattaunawa, kuma a 1999, lokacin da Jihar Zamfara ta faɗaɗa Shari'a zuwa hukuncin laifuka, sashe na 10 ɗin nan ne masu goyon baya da masu adawa duka suka riƙa kafa hujja da shi.

Hannun soja bai tsaya nan ba. Bayan majalisar ta gama aikinta, Majalisar Ƙoli ta Soja ta yi wa daftarin gyare-gyare 17 kafin ta zartar da shi a watan Satumba na 1978, lokacin da aka ɗage haramcin siyasa. A ciki ta cusa wasu dokokinta, kamar dokar mallakar filaye ta 1978 wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, da dokar yi wa ƙasa hidima, ta yadda ba za a iya sauya su ba sai ta hanya mai wuya irin ta gyaran kundin kansa. Batun harshe ma an rufe shi da jinkirtawa: sashe na 51 ya ce za a gudanar da harkokin Majalisar Tarayya da Turanci, sannan da Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, sharaɗin da ba a sa masa wa'adi ba, kuma Turanci ne ya ci gaba da riƙe zauren.

Gwaji na farko ya zo tun kafin kundin ya fara aiki, kuma ya faɗo ne a kan sharaɗin zaɓen da aka fi alfahari da shi, wanda dokar zaɓe ta lokacin ta ɗauko da lafazi iri ɗaya. Jihohi 19 ne a lokacin, adadin da ba ya rabuwa gida uku daidai, kuma ba a fayyace ko kashi biyu cikin uku yana nufin jihohi 13 ko wani abu ƙasa da haka ba. A zaɓen 11 ga Agusta, 1979, Shagari na jam'iyyar NPN ya zo na ɗaya da ƙuri'a kimanin miliyan 5.7, Awolowo na UPN ya bi shi da kimanin miliyan 4.9, kuma Shagari ya cika sharaɗin kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12. Jiha ta 13 ita ce Kano, inda jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta yi kaka-gida, inda kuma Shagari ya samu ƙuri'a 243,423 daga cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya kafa hujja cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da kashi biyu cikin uku na jiha guda, don haka abin da ake buƙata a Kano shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'unta, wato kimanin 203,460, adadin da Shagari ya zarce. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta karɓi wannan lissafi, Awolowo ya garzaya kotu yana neman a tafi zagaye na biyu, kuma a ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar da nasarar Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso kaɗai ya ƙi amincewa da hukuncin, ya tsaya a kan cewa ba a raba jiha gida-gida, sai dai a nemi jihohi 13 cikakku.

Kwana biyar bayan hukuncin aka rantsar da Shagari, kuma jamhuriya ta biyu ta fara ne da babbar jam'iyyar adawa tana kallon shugaban ƙasa a matsayin wanda lissafi ya ɗora, ƙorafin da ya bi gwamnatin har zuwa juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983. Duk da haka waɗanda suka rubuta kundin 1999 sun kwaso mafi yawan waɗannan tanade-tanade kusan kalma da kalma, daga raba-daidai da babi na biyu har zuwa kotunan Shari'a na jihohi da sharaɗin rubu'in ƙuri'a, sai dai zuwa lokacin adadin jihohi ya kai 36, wanda kashi biyu cikin ukunsa 24 ne cif.