Mamman Nasir: Ministan da Ya Koma Alƙali

A 1961 Sardauna Ahmadu Bello ya naɗa Mamman Nasir, matashin lauya daga lardin Katsina, ministan shari'a na Jihar Arewa. Juyin mulkin Janairun 1966 ya yi ajalin Sardauna, ya rushe gwamnatin. Irin wannan faɗuwa takan binne ɗan siyasa da ransa, amma a 1975 sai ga Nasir alƙali a Kotun Ƙoli. Saukowarsa daga can ta fi hawan ban sha'awa: a 1978 ya karɓi shugabancin Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ke ƙasa da waccan, tana jaririya 'yar shekara biyu, ya raine ta har 1992. Daga nan aka naɗa shi Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi, sarautar da ya riƙe har rasuwarsa a 2019.